Ɗana, ba daga sauka ake fara koyon keke ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan shekara 19 ne, a Tudun Wada nake, ina koyon gyaran waya a wani shago cikin gari. Wata huɗu da suka wuce na tara 'yan kuɗina na sayi keke na gwanjo, irin wanda ake kira fiksi, wanda ba ya firi: muddin taya na juyawa, feda ma na juyawa. Muna da rukunin samari da muke fita da yamma. Akwai wata sauka da suke yi da ta tafi da hankalina. Keke na cikin tafiya sai mutum ya sulale ta baya, ya dira da ƙafafunsa, ya cafke sirdi kamar ba a yi komai ba. Na cire birkin gaba saboda suna min dariya, wai mai birki ba ɗan fiksi ba ne. Na gwada saukar na faɗi sau uku. Faɗuwar ƙarshe yau kwana 12, na dafe ƙasa da hannun dama, har yanzu gindin babban yatsana na ciwo, ko sukundireba ba na iya murɗawa da kyau. Na ce wa oga targaɗe ne. Umma ta gani ta faɗa wa Baba, ya ce in sayar da keken, wai shi ya yi sama da shekara goma yana taka keke zuwa masaƙa a Kakuri bai taɓa ganin wanda ya cire birki da gangan ba. Na kai keken gidan abokina na ce na sayar. Saura mako uku bikin yayan wani abokinmu, kowa zai nuna bajintarsa wajen rakiyar ango. Kawu, yaya zan yi in iya saukar nan kafin ranar? Kuma laifi ne in ci gaba da hawa a ɓoye, tunda da kuɗina na saya?

Ɗanka daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba.

Tambaya biyu ka yi, amma abin da ya tsaya min a rai ba ya cikinsu. Ka cusa shi a tsakiyar wasiƙa ka wuce kamar ba komai ba, wato hannun nan. Mai gyaran waya da babban yatsansa na dama yake cin abinci. Targaɗe na yau da kullum, kwana 12 ya isa a ce ya fara sakinka. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa guda takwas, ɗayansu yana daidai gindin babban yatsa, girmansa da siffarsa kamar ɗan kashu. Miƙe yatsan sama, za ka ga wani ɗan rami ya bayyana a gefen wuyan hannun tsakanin jijiyoyi biyu. Danna ramin. In zafi ya soke ka, wannan ƙashin ake zargi, kuma cikin takwas ɗin shi ya fi karyewa idan mutum ya faɗi ya tare ƙasa da tafin hannu. Munafukin ƙashi ne. Ba ya kumbura sosai, ba ya hana ka motsa yatsu, sau da yawa hoton farko ma ba ya tona shi sai an sake ɗauka bayan kwana goma zuwa mako biyu. Ga shi jini ba ya wadatarsa, shi ya sa in aka bar shi ba a ɗaure ba yakan ƙi haɗewa, sai shekaru sun ja mutum ya tarar da wuyan hannunsa ya sandare yana masa ciwo.

Saboda haka gobe da safe ka nemi izinin ogan naka ka tafi asibiti. Yusuf Ɗantsoho na nan a unguwarku, Barau Dikko ma ba nisa. Ka faɗa wa likita yadda ka faɗi, da ranar, da daidai wurin da ke ciwo, a yi hoton ƙashi. Ina ganin girman masu ɗori, sun yi wa jama'a aiki tun ba a san hoto ba, amma wannan ƙashi ba a lalubo shi da hannu, kuma ja da murza ba abin da za su ƙara masa sai lahani. In karaya ce, ka shirya wa siminti na mako shida ko fiye. Ka ga maganar biki ta amsa kanta ke nan. In kuma aka ce lafiya lau, alhamdu lillahi, kuɗin hoto kawai ka yi asara.

Sai birki. A nan Baba ya fi abokanka gaskiya, nesa ba kusa ba. Fiksi asalinsa keken filin tsere ne, zagayayyen filin nan mai gangare a gefe, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja don gasar wasannin Afirka ta 2003. A can ba a sa birki, gaskiya ne, amma ka duba dalili: kowa gefe ɗaya ya nufa, ba mararraba, ba akuya, ba yaro ɗan aike, ba mai Napep da zai ci birki a gabanka don ya hango fasinja. Na bayanka taƙi ɗaya ke tsakaninku, in ka tsaya farat ɗaya duk kun zube. Ɗauko wannan keke ka ajiye shi a titin Ahmadu Bello ƙarfe shida na yamma, ka gaya min wanne cikin dalilan nan ya rage.

Abokanka za su ce ai ƙafa ita ce birki, a danne feda ta baya taya ta ja ƙasa. Haka ne, amma tayar baya ce kaɗai ke tsayar da kai. Duk abin hawa in yana rage gudu nauyinsa gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta fara sulɓi. Ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Wanda ya dogara da baya kaɗai yana buƙatar kusan ninki biyu na tazarar da mai birkin gaba ke buƙata, a busasshiyar kwalta ma ke nan, balle inda ruwan sama ya tara yashi a bakin titi. A Landan, a 2016, wani saurayi ɗan shekara 18 a kan irin kekenka marar birkin gaba ya buge wata mata mai 'ya'ya biyu tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Da shekara ɗaya ka girme shi a lokacin. Ba kanka kaɗai ka sa a caca ba ranar da ka kwance birkin nan.

Akwai wani abu kuma da nake so ka duba da idonka, tunda na gwanjo ka saya. Ƙaramin faranti mai haƙora da ke tayar baya murɗa shi ake yi a jikin cibiyar taya. In ka taka gaba yana ƙara ɗaurewa, in ka danne baya yana son kwancewa. Abin da ke hana shi wani siririn zobe ne da ake ɗaurawa a bayansa, wanda murɗinsa na hagu ne, kishiyar na farantin. In babu zoben nan, ko kuma firiwil ne, wato ƙaramin farantin baya na keken gida mai firi, aka like da walda aka ce ya zama fiksi, to rannan da za ka danne da ƙarfi feda za ta tafi fayau, taya na ci gaba da gudu abinta. Haka in sarƙa ta zame. Mai birki ya matse ya tsaya ya yi tsaki. Marar birki sai salati. Sarƙar kada ta yi lako-lako, kada kuma ta ɗaure tamau. In ka danna tsakiyarta ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya, ta yi daidai. Notocin tayar baya, sifana mai lamba 15, ka riƙa taɓa su duk mako.

To, mu zo ga abin da ya sa ka rubuto. Zan faɗa maka yadda ake yi, don in ban faɗa ba wayarka za ta faɗa maka rabi, rabin nan kuwa shi ya kayar da kai sau uku. Amma da sharaɗi: hannu ya warke, birki ya koma, Baba ya sani.

Ka fara gane cewa saukar nan ba tsalle ba ce. Duk wanda na ga ya sha ƙasa a kanta, tsalle yake ƙoƙarin yi. Keken ne ke ɗaga ka, kai naka kawai ka yarda. A keke mai firi, in ka tsaya a kan feda sai ta nutse ƙasa ta zauna, shi ya sa Baba ke iya tsayawa a kan fedar hagu ya wurga ƙafar dama ta baya, Raleigh ɗinsa na sulalawa da shi har ƙofar gida. A fiksi feda ba ta zama. In ta kai ƙasa sai ta bi ta baya ta taso, da nauyin keken da naka gaba ɗaya a bayanta. In gwiwarka a lanƙwashe take, gwiwar za ta turo sama. In kuwa ƙafar a miƙe take kamar tabarya, kai ɗin kacokan za ta ɗaga, sama da kuma baya. Sirrin ke nan, babu wani.

Abin da ke lalata shi gudu ne, kuma bari in yi maka lissafi, tunda ɗan gyaran waya ba ya tsoron lamba. Ƙirga haƙoran babban farantin gaba da na ƙaramin baya. Mu ce 48 da 16 ne, yadda ake yawan samu. Feda ta zaga sau ɗaya, taya ta zaga sau uku. Tayar irin wannan keke na cin kusan mita 2.1 a juyi guda, wato mita shida da 'yan kai a zagayen feda ɗaya. In kana tafiya daidai da mai tafiya a ƙafa, kilomita 5 a awa, zagayen zai ɗauki daƙiƙa huɗu da rabi. Saukar kuwa rubu'in zagayen take buƙata, daga sanda feda ta kai ƙasa zuwa sanda ta zo daidai baya. Kana da daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori. Ya isa, har da canji. Amma a kilomita 15 a awa, wanda na tabbata kai a wurinka "a hankali" ne, rubu'in nan bai kai rabin daƙiƙa ba. Kafin ka yanke shawara feda ta wuce sama, ta daina ɗaga ka baya, ta koma cilla ka gaba. Ko ka dace ka sauka, ƙafarka za ta taɓa ƙasa da gudun keken a jikinka, dole ka ruga ko ka kife. Ina jin haka hannunka ya gamu da kwalta.

Wannan ya sa nake cewa ka fara karatu daga bangon baya. Wanda zai iya saukar nan shi ne wanda ya iya tafiya a hankali, kuma tafiya a hankali a keke ta fi gudu wuya. Gudu kowane yaro ya iya, keken ne ke riƙe kansa. Makonninka na farko ba ruwanka da sauka. Samu fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, marar tsakuwa: filin ƙwallon makarantar unguwa bayan an tashi in an ba ka izini, ko dandalin Murtala da sassafe in masu kula da wurin sun bari. Ajiye duwatsu biyu taku ashirin tsakaninsu, ka sa abokinka ya yi tafiyarsa ta ƙafa, kai kuma ka yi ƙoƙarin isa bayansa ba ka sa ƙafa a ƙasa ba. In ka iya, sai ka riƙa zaga duwatsun kana zana lamba takwas. Daga nan ka koyi tsayuwa cak a kan keke: fedoji a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, kan keken a karkace kaɗan wajen ƙafar da ke gaba, kana ɗan lilo gaba da baya da tafin ƙafa. Fiksi ya fi kowane keke sauƙin wannan, don shi kaɗai ke komawa baya in ka taka baya. Ranar da ka ƙirga talatin a tsaye, ka fara sanin kekenka. Kuma, tsakanina da kai, tsayuwar nan ta fi saukar burge wanda ya san keke.

Sai zare ƙafa daga maɗauri ba ka duba ba. In fedarka na da maɗaurin ƙafa, sassauta shi sosai lokacin koyo, ko ka juya fedar ka taka bayanta. Ƙafar da ta maƙale ita ke mayar da ƙaramin kuskure babbar faɗuwa. Sauke sirdi kamar yatsu biyu daga inda ka saba. In akwai kariya ko madigadi a baya, cire su, ta nan za ka wuce.

Daga nan a tsaye za ka fara. Wani ya riƙe kan keken ta gaba, ya matse tayar tsakanin gwiwoyinsa, kai kuma ka riƙa zamewa daga sirdi ta baya kana dira, ƙafafu a buɗe, taya a tsakaninsu. Yi ta har jikinka ya haddace nisan da ke tsakanin sirdi da ƙasa, da kuma inda tayar take. Ka kula da tayar nan. Ba sai na faɗa maka inda take samun namiji ba in ya sauka bai ja da baya sosai ba; ko ɗaya cikin faɗuwarka uku ta riga ta yi maka wannan bayanin.

Sannan a cikin tafiya, amma ba sauka. Kana tafiyar ƙafa, hannuwa a saman kan keken kusa da tsakiya, ka miƙe ƙafar dama sanda fedarta ta kai ƙasa, ka bari ta ɗaga ka daga sirdi, ka koma ka zauna. Sau ashirin, sau hamsin. So nake ka daina jin ɗagawar nan a matsayin abin da ke neman kayar da kai. In ta zama abokiya, sai ka zare ƙafar hagu ka bar ta tana reto a gefe, ka maimaita da dama kaɗai.

Ranar da za ka yi ta gaske ga yadda take. Rage gudu har ka ji kamar keken zai tsaya. Zare hagu. Idonka gaba, can inda za ka, ba kan feda ba. Jira dama ta kai ƙasa. Tana fara tasowa ka miƙe ƙafar, ka bari ta ɗaga ka. Da ka ji ka rabu da sirdi, ɗan tura kan keken gaba ka sake shi. Sirdi ya wuce ta tsakanin cinyoyinka, hagu ta taka ƙasa, dama ta zame daga feda ta biyo, ka yi taku ɗaya ko biyu. Sai hannu ya kai ga sirdi.

Sakin kan keken nan shi ne inda kowa ke maƙalewa. Tun ranar da aka fara ɗora ka a keke ake ce maka riƙe da kyau, yanzu ana ce maka saki, jiki kuwa ba ya yarda. Sai ƙafafu su sauka hannu na riƙe, keken ya ja ka, ciki ya daki sirdi, ka bi shi a guje a duƙe har ku zube tare. Maganinsa ka manta da cafke sirdi a kwanakin farko. Sa mutum a gaba ya tare keken, ko ka bar shi ya je ya kwanta a ƙasa. Fenti ne zai ƙuje. Cafkar ado ce, daga baya take zuwa da kanta, don keken da ke tafiyar ƙafa ba ya tsere wa hannu. In kuma ka ji lokacin ya wuce maka, kada ka tilasta. Zauna, feda za ta sake zagayowa nan da daƙiƙa huɗu. Wanda ke da birki a yatsa yana iya daidaita gudunsa daidai yadda yake so kafin ya fara. Ka ga birkin da suka sa ka cire shi ne malamin saukar.

Za ka faɗi, ko da ka bi duk wannan. Hular kwano a kai, safar hannu, takalmi rufaffe, ba silifa ba. In za ka faɗi kada ka miƙe hannu ka tare ƙasa. Lanƙwashe gwiwar hannu, sunkuyar da haɓa, ka mirgina ta kafaɗa. A filin ƙasa ake koyon wannan, ba a kwalta ba. In kuwa kai ya bugu har ka ji jiri, ko amai, ko ka kasa tuna abin da ya faru, wasa ya tashi, sai asibiti.

Akwai wata saukar da ake wurga ƙafa ta saman kan keken ana ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya. Bar ta tukuna.

Yanzu maganar tufafi, wadda masu bidiyon Amurka da Japan ba za su faɗa maka ba don ba su san ta ba. Mu masu doguwar riga ne. Lokacin da muke yara muna karɓar keken haya, ba wanda sarƙa ba ta ci wa ƙafar wando ba. Amma wancan keke mai firi ne: ka daina takawa, ka juya feda baya, ka zare wandonka da baƙin mai, ka je gida ka sha faɗa. Fiksi ba ya daina takawa. In ya kama ƙafar wando ko igiyar takalmi naɗewa zai yi ta yi har sai ɗaya ya yage, ko wandon ko kai. Ita kuma sauka ta baya, sirdi ta ƙarƙashin rigarka zai bi. Kaftani ko jallabiya, hancin sirdi ko bayansa ya saƙale gefen rigar, keken ya tafi da kai kamar an ɗaure akuya. Ƙaramar riga, a cusa ta cikin wando, a naɗe ƙafar wandon dama, a tura igiyar takalmi ciki. Jakar rataye ma ajiye ta.

To ka gaya min, ranar rakiyar ango me za ka sa? Anko. Sabuwar shadda mai sitati har gwiwa, ko ƙasa da haka. Ga motoci a jere suna ham, ga 'yan babur suna nasu haukan, ga yara suna kutsawa, ga 'yan mata suna ɗaukar bidiyo, ga zuciyarka na cewa ƙara gudu. Duk abin da na lissafa maka na kayar da mutum, a wuri ɗaya, a yamma ɗaya. Amsata a kan bikin nan a'a ce, ko da hoto ya nuna hannunka garau. Abin da aka koya a mako uku a fili ba ya tsayawa a gaban taro. Sa ankonka ka shiga mota, ka ci shinkafa. Bidiyon da kake kallo kuwa, wanda aka dace ake sakawa, na faɗuwar suna cikin wayar mai su.

Saura tambayarka ta biyu, wadda ka riga ka san amsarta, in ba haka ba da ba ka kai keken gidan aboki ba. Keken naka ne, da guminka ka saya, ban musa ba. Amma yaron da ke kan keken na Baba ne. Kuma abin da ke tsakaninku yanzu ya wuce keke: ka ce ka sayar, ba ka sayar ba. Kaduna da girmanta ƙaramar unguwa ce ga mai ɓoye abu. Wata rana a masallaci wani zai ce masa, "Jiya na hango yaronka wajen Kawo, kai, ya iya keke." Wannan ma mai sauƙin ke nan. Mai wuyar ita ce a kira shi a waya a ce ga ɗansa a kwance, a kan keken da aka ce masa an sayar. Daga ranar, ko gaskiya ka faɗa masa sai ya nemi shaida, kuma kai mai neman ya tsaya maka ne nan gaba, a kan jari, a kan shago, a kan aure.

Ka lura da abin da ya faɗa. Bai ce keke banza ba ne. Mutumin da ya taka daga Tudun Wada zuwa Kakuri da komowa sama da shekara goma, rani da damina, ba zai raina keke ba. Birki ya ambata. Ɗan'uwanka ne a sana'ar, kuskure ya hango. Wannan ƙofa ce a buɗe, kai ne ka kewaye ta ka haura katanga.

Fara da Umma, a daren yau. Faɗa mata keken na nan, kuma gobe za ka asibiti. Ita ta san lokacin da ake samun Baba da sanyi. Mayar da birki kafin ya ga keken. Sannan ka same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙannenka ba, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi maka ƙarya, ban sayar ba, ka yafe min." Kada ka haɗa da "amma". Kada ka ambaci kuɗinka. In ya yi faɗa ka yi shiru, haƙƙinsa ne. In ya huce, ko ranar ko bayan kwana biyu, ka roƙe shi ya duba maka keken da kansa, sarƙa da birki da noti. In akwai baffa ko kawu da yake jin maganarsa, ba laifi ya zauna a wurin.

Ga abin da za ka iya miƙa masa. Yawancin waɗannan kekuna cibiyar tayarsu ta baya fuska biyu gare ta: gefe ɗaya farantin fiksi, ɗaya gefen wurin ɗaura firiwil. Duba taka. In haka take, ana kwance taya a juya ta, keken ya koma mai firi kamar kowane keke, sai dai a wannan halin dole a sa birki gaba da baya, don ƙafa ta daina riƙe komai. Ka ce masa zuwa shago da firi da birki biyu za ka riƙa yi, fiksi kuma sai a fili, da hular kwano, ba a titi ba. In ya amince, ka riƙe alƙawarin ko ba ya gani. In kuma ya ce duk da haka a sayar, to ka sayar, ɗana, da birkinsa a jiki, kada ka miƙa wa wani ƙaramin yaro abin da ya kusa cin hannunka. Zai yi maka ciwo, na sani. Amma shekararka 19, kuma dilolin gwanjo ba su daina shigowa ba.

Abokanka kuwa, in sun ga birki sun fara dariya, ka ce Baba ne ya sa. A garin nan ba wanda ke ja da wannan amsar. Ba mamaki ma ka ga ɗaya ko biyu sun mayar da nasu a hankali, dama jira suke wani ya fara.

Abu ɗaya na kusa mantawa, kuma ya shafi yatsun da kake cin abinci da su. Kada ka taɓa goge sarƙar fiksi ko sa mata mai da tsumma a hannu alhali taya na juyawa. Keken gida in ya kama yatsa feda tsayawa take. Wannan nauyin tayar ne ke jan sarƙar, ba ya tsayawa sai ya zagaya da abin da ya kama ta cikin haƙora, kuma mutane sun rasa kan yatsa a haka. Tsayar da taya cak, goge, matsar da hannu, sannan ka juya.

Ka rubuto min abin da hoton ya nuna, da adadin haƙoran farantanka biyu, da ko ka samu zoben nan a bayan ƙaramin. Ka gaida Umma. Ina kuma son jin abin da Baba zai ce in ya ɗaga tayar baya ya juya fedar da hannunsa.

Kawunku